Siffa, Rini da Ganuwa: Tarihin Rarrabe Bakteriya

Bakteriya ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya tak, waɗanda yawancinsu tsawonsu bai wuce maikuromita 1 zuwa 5 ba, ita kuwa maikuromita kashi ɗaya ce cikin 1,000 na milimita, don haka ido ba ya ganinsu sai da taimakon maikuroskof, na'urar da ke ƙara girman abu da gilasai. Wannan ƙanƙanta ita ta tsara tarihin iliminsu tun daga tushe, domin a kowane zamani masana sun kasa su gida-gida ne gwargwadon abin da kayan aikinsu suka iya nunawa: da farko siffar jiki, daga baya launin da ƙwaya ke ɗauka idan an rina ta, sannan ginin ganuwar da ta kewaye ta, daga ƙarshe kuma sinadarin gado da ke cikinta. A cikin waɗannan matakai, na rini ne ya fi daɗewa a hannun ma'aikatan asibiti, kuma ya yi shekara wajen 70 yana aiki daidai kafin a san dalilin da ya sa yake aiki.

Wanda ya fara ganin bakteriya ya kuma bayyana su a rubuce shi ne Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya rayu daga 1632 zuwa 1723. Bai yi karatun jami'a ba, amma sana'arsa ta saba da gilashin duba zaren saƙa, kuma ya ƙware wajen ƙera ƙananan gilasai guda-guda da yake ɗaurawa a tsakanin faranti biyu na ƙarfe, waɗanda mafi ƙarfi daga cikin na hannu a yau yana ƙara girman abu fiye da sau 250. A wasiƙar da ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan a 1676, ya ba da labarin halittu masu motsi da ya gani a ruwan da ya jiƙa masoro a ciki, sannan a watan Satumba na 1683 ya aika da zanen abin da ya kankaro daga haƙoran mutane, inda ake iya gane masu kama da sanda, da masu kama da ɗigo, da masu lanƙwasa. Ya ɗauke su a matsayin ƙananan dabbobi, kuma da yake bai koya wa kowa sirrin gilasansa ba, an yi fiye da ƙarni ɗaya ba a ƙara wani abin kirki a kan abin da ya gani ba.

Masu tsara halittu na ƙarni na 18 sun rasa inda za su ajiye su. Carl Linnaeus, Basuwide da ya kafa tsarin bai wa kowace halitta suna biyu na Latin, ya tattara ƙananan halittun ruwa a ƙarƙashin wani suna da ma'anarsa ita ce hargitsi, wanda hakan ke nuna iyakar abin da aka sani a lokacin. Otto Friedrich Müller na ƙasar Danmak ya yi ƙoƙarin farko na raba su a littattafansa na 1773 da 1786, inda ya ƙirƙiro sunayen Monas da Vibrio, sai kuma Christian Gottfried Ehrenberg na Jamus, wanda a 1828 ya ɗauko kalmar Bacterium daga Girkanci, ma'anarta 'yar sanda. Ehrenberg ya yi imanin cewa waɗannan halittu cikakkun dabbobi ne masu ciki da hanji, abin da ya zama kuskure, amma sunayen da ya raɗa wa masu murɗaɗɗen jiki, Spirillum da Spirochaeta, suna nan ana amfani da su.

Tsari na farko mai ƙwari ya fito ne daga Ferdinand Cohn, masanin tsirrai a jami'ar Breslau, garin da a yau ake kira Wrocław a ƙasar Polan. A 1872 ya kasa bakteriya gida huɗu bisa siffa, wato masu zagaye, da gajerun sanduna, da dogayen sanduna masu kama da zare, da murɗaɗɗu, ya kuma fitar da su daga cikin dabbobi ya kai su kusa da tsirrai. Muhimmin abin da Cohn ya tsaya a kai shi ne cewa kowane iri yana haifar irinsa, kamar yadda gero ba ya fitar da dawa, alhali wasu manyan masana na zamaninsa, irin su Carl Nägeli da likitan tiyata Theodor Billroth, suna ganin bakteriya kusan abu ɗaya ne mai sauya kamanni gwargwadon wurin da ya sami kansa. Wannan gardama tana da nauyi, domin in har iri ɗaya na iya rikiɗa ya zama wani, to babu yadda za a ce wata cuta tana da tata ƙwayar da ta keɓanta da ita. A 1876 Cohn ya bayyana yadda wasu sandunan ke ƙulla wani ƙwanso mai tauri a cikinsu, wanda ake kira sifo, da ke jure tafasasshen ruwa da fari har yanayi ya gyaru ya sake tsirowa, kuma a wannan shekarar ce wani likitan ƙauye mai suna Robert Koch ya zo masa da aikinsa a kan antaraks, cutar da ke kashe shanu da tumaki, Cohn ya buga aikin a mujallarsa.

Siffa kaɗai ba ta isa ba, domin kama da wane ba ta wane: ƙwayar da ke haddasa taifot da wadda ke zaune lafiya a hanjin kowane mutum duk gajerun sanduna ne da ba a iya bambanta su da kallo. Ban da haka, jikin bakteriya garau yake kamar ruwan da take ciki, ta yadda ko da gilashi mai kyau da ƙyar ake ganin ta a cikin tsoka ko jini. Maganin wannan matsala ya zo daga sana'ar rini. A 1856 wani matashi ɗan Ingila, William Henry Perkin, ya haɗa rini mai ruwan shunayya daga anilin, sinadarin da ake samu daga kwaltar gawayin kwal, kuma cikin shekara 20 masana'antun Jamus suka cika kasuwa da launuka iri-iri da aka yi domin masaƙu. Likitoci suka lura cewa wasu daga cikin waɗannan launuka suna kama jikin bakteriya da ƙarfi, Carl Weigert ya yi amfani da su a kan yankan tsoka a shekarun 1870, ɗan'uwansa Paul Ehrlich ya zurfafa binciken, Koch kuma a 1877 ya nuna yadda ake shafa ƙwayoyin a kan gilashi, a busar, a rina, a ɗauki hotonsu. A daidai wannan lokaci Ernst Abbe, wanda ke aiki da kamfanin Carl Zeiss a garin Jena, ya inganta gilasan da ake ɗiga musu mai domin su tattara haske sosai, ya kuma lissafa cewa maikuroskof mai amfani da haske ba zai iya raba abubuwa biyu da ke kusa da juna fiye da kimanin maikuromita 0.2 ba, iyakar da ta hana ganin abin da ke cikin ƙwaya har tsawon shekara 60.

Sauran abin da ya rage shi ne hanyar noma iri ɗaya shi kaɗai ba gauraye. Koch ya fara da yankan dankali da kuma jalatin, amma jalatin yana narkewa a zafin jikin mutum, wasu ƙwayoyin kuma suna cinye shi, sai Fanny Hesse, matar ɗaya daga cikin abokan aikinsa, ta ba da shawarar a gwada aga, wani abu mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku wanda take amfani da shi a girki, sannan a 1887 Julius Petri ya fito da farantin gilashi mai murfi da har yau ake kira da sunansa. Da aka sami damar raba iri da iri, ra'ayin Cohn ya yi rinjaye, aka kuma shiga shekarun da ake gano ƙwayoyin cuta ɗaya bayan ɗaya: Albert Neisser ya ga ta ciwon sanyi a 1879, Koch ya sanar da ta tarin fuka ranar 24 ga Maris 1882, ya bi kwalara zuwa Masar da Indiya a 1883 da 1884, Theodor Escherich ya bayyana sandar hanji da ake kira Escherichia coli a 1885, Anton Weichselbaum kuma ya ware ƙwayar sanƙarau a Viyana a 1887.

A tsakiyar wannan hada-hada ne Hans Christian Gram, matashin likita ɗan Danmak da aka haifa a 1853, ya je Balin ya zauna a ɗakin binciken gawa na wani asibitin birni tare da Carl Friedländer, wanda ke neman abin da ke jawo ciwon huhu na nimoniya. Matsalar da ke gabansa ƙarama ce: rinin da ake amfani da shi yana kama tsokar huhu da ƙwayoyin cuta baki ɗaya, ta yadda ba a gane wannan daga wancan. Gram ya rina yankan huhu da shunayya, ya zuba ruwan aidin a kai, sannan ya wanke da sifirit, sai tsokar ta koɗe, ƙwayoyin kuma suka riƙe launinsu suka fito fili. A takardar da ya buga a 1884 ya ambaci cewa wasu ire-iren, ciki har da ƙwayar taifot, suna zubar da launin tare da tsokar, abin da a wurinsa naƙasu ne ga hanyar. Waɗanda suka biyo baya ne suka gane cewa naƙasun ya fi hanyar kanta amfani, suka ƙara mataki na huɗu, wato sake rina gilashin da jan launi domin waɗanda suka koɗe su ma su fito. Tun daga nan bakteriya suka rabu gida biyu, masu riƙe rinin Gram da ke fitowa shunayya, da masu sakinsa da ke fitowa ja-ja. Gram kansa bai ci gaba da wannan fanni ba, ya koma Copenhagen ya zama farfesan ilimin magunguna, daga baya na likitanci, ya rasu a 1938.

Akwai ƙwayoyin da ba su shiga ko ɗaya daga gidajen biyu da kyau ba, kuma mafi shahara a cikinsu su ne na tarin fuka da kuturta, waɗanda jikinsu ke lulluɓe da wani maiƙo mai kama da kakin zuma da ke hana rini shiga. Ehrlich ya lura a 1882 cewa idan aka tilasta musu rini suka ɗauka, ko ruwan asid ba ya fitar da shi, Franz Ziehl da Friedrich Neelsen kuma suka gyara hanyar da jan rini da ake ɗumamawa, ita ce hanyar da aka daɗe ana duba majinar mai tari da ita a asibitocin duniya. Masu tsara littattafai suka haɗa siffa da rini da abin da ƙwaya ke ci da abin da take fitarwa, da kuma ko tana buƙatar iskar oksijin ko tana gudunta, suka mayar da su mabuɗan gane iri, kuma littafin jagora da David Bergey na jami'ar Pennsylvania a Amurka ya shugabanci fitar da shi a 1923 ya zama abin komawa ga kowane ɗakin gwaji. Wannan tsari ya biya buƙatar likita, amma bai faɗi komai a kan dangantakar jini tsakanin ire-iren ba, bai kuma bayyana dalilin da wata ƙwaya ke riƙe shunayya wata ta sake ta ba.

Amsar ta fara fitowa ne bayan Ernst Ruska da Max Knoll sun ƙera maikuroskof mai amfani da kwararar lantarki a maimakon haske a 1931, wanda daga baya ya ƙetare iyakar da Abbe ya lissafa. A farkon shekarun 1950 Milton Salton ya farfasa ƙwayoyi ya ware ɓawonsu shi kaɗai ya auna abin da ke ciki, a 1953 kuma Claes Weibull ya narkar da ɓawon wata sanda da laisozaim, sinadarin da ke cikin hawaye da farin ƙwai wanda Alexander Fleming ya gano a 1922, sai sandar ta dunƙule ta zama ƙwallo, da aka sa ta a ruwan da ba shi da gishiri ko sukari kuma ta kumbura ta fashe. Wannan ya tabbatar da cewa ƙwayar bakteriya tana da tantani mai laushi da ke tace abin da ke shiga da fita, a bayansa kuma akwai ganuwa mai tauri da ke ba ta siffa ta kuma hana ruwa fasa ta. Ganuwar an gina ta ne da peftidogilaikan, wanda dogayen sarƙoƙi ne na sukari iri biyu da aka ɗaure su da juna da gajerun igiyoyin sinadaran gina furotin, har suka zama raga guda da ta kewaye ƙwayar kamar koma.

Da aka yanka ƙwayoyi siriri aka duba, sai bambancin gidajen biyu ya bayyana. Masu riƙe rini, irin su Staphylococcus mai kawo maruru da Clostridium mai kawo tatanas, ganuwarsu kauri gare ta, kimanin nanomita 20 zuwa 80, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin 1,000 na maikuromita, kuma idan aidin ya haɗu da shunayya suka zama manyan dunƙule, sifirit yana tsotse ruwan ganuwar ta ƙanƙance ta tsare su a ciki. Masu sakin rini, irin su ƙwayoyin kwalara da taifot da sanƙarau, ganuwarsu 'yar siririya ce ta nanomita kaɗan, amma a bayanta akwai tantani na biyu mai maiƙo, wanda sifirit ke narkarwa launin ya fice. Wannan tantani na waje yana ɗauke da wani guba, wanda Richard Pfeiffer ya raɗa wa suna endotoksin tun a 1892, da ke jawo zazzaɓi mai zafi da faɗuwar matsin jini idan ƙwayoyin suka shiga jini, yana kuma tare magunguna da yawa a ƙofa. Nan ne aka fahimci abin da likitoci suka gani tun zuwan fenisilin, cewa ya fi cin masu shunayya, domin a 1957 James Park da Jack Strominger sun nuna cewa aikin maganin shi ne hana ginin ganuwa, jikin mutum kuwa ba shi da irin wannan ganuwa, shi ya sa maganin ke kashe ƙwaya ya bar mai ita.

Sauran sassan ƙwayar ma sun fito fili a waɗannan shekaru. Wasu suna da bulala mai juyawa da ke tura su cikin ruwa, wasu suna da gajerun gashi da suke manne wa jiki da su, wasu kuma suna da riga mai yauƙi ta sukari a bayan ganuwa, wadda ake kira kafsul, da ke kare su daga sojojin jini. A ciki akwai dubban raibosom, ƙananan injinan haɗa furotin, da kuma sinadarin gado na DNA, wanda John Cairns ya nuna a 1963 cewa a jikin Escherichia coli zobe ɗaya ne rufaffe, sai ƙananan zobba da Joshua Lederberg ya kira filasmid a 1952, waɗanda ƙwayoyi ke miƙa wa juna, ta nan ne kuma jure magani ke yaɗuwa daga iri zuwa iri. Abin da babu shi ne jakar da ke killace sinadarin gado a ƙwayoyin dabbobi da tsirrai, kuma a kan wannan rashi ne Roger Stanier da Cornelis van Niel suka tsaya a 1962 suka farfaɗo da kalmar furokariyot, wadda Bafaranshe Édouard Chatton ya riga ya yi amfani da ita, domin bambanta bakteriya daga duk sauran masu rai. Ginin ganuwa ya sami daraja har babban littafin Bergey na 1984 ya kasa su gida huɗu a kansa: masu siririyar ganuwa, masu kauri, marasa ganuwa sam irin su Mycoplasma, da masu baƙuwar ganuwa da ba ta peftidogilaikan ba.

Kafin littafin ya fito ma, ƙasa ta riga ta fara motsi a ƙarƙashin wannan tsari. Carl Woese na jami'ar Illinois ya zaɓi wani yanki na raibosom da kowace ƙwaya ke da shi, wanda kuma ke sauyawa a hankali cikin miliyoyin shekaru, ya riƙa kwatanta jerin haruffan sinadaransa tsakanin iri da iri domin auna kusancin asali. A 1977 shi da George Fox suka sanar cewa ƙwayoyin da ke fitar da iskar gas ta mitan a fadama da tumbin shanu, duk da kamarsu da bakteriya, zuriya ce daban, kuma a 1990 Woese da Otto Kandler da Mark Wheelis suka raba masu rai gida uku: bakteriya, da arkiya, wato waccan zuriya ta daban, da masu killataccen sinadarin gado. Salsalar da ta fito daga wannan aiki ta nuna cewa siffar zagaye ta ɓullo sau da yawa a dangogi daban-daban, cewa masu sakin rinin Gram tarin dangogi ne masu nisa da juna, cewa kuma Mycoplasma jikokin masu kaurin ganuwa ne da suka yar da ganuwarsu. An tsabtace sunaye da jerin amintattun sunaye da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1980, aka karanta cikakken gadon wata bakteriya karon farko a 1995, a 2021 kuma aka sake wa manyan dangogi suna, Firmicutes ta koma Bacillota, Proteobacteria ta koma Pseudomonadota.

Duk da haka, tsohon rinin bai bar teburin ɗakin gwaji ba, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da amfaninsa ya fi fitowa, domin tana tsakiyar yankin da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963 a matsayin zirin sanƙarau, wanda a yau ake ɗauka ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi da rani. Idan aka ɗebo ruwan ƙashin bayan mara lafiya aka rina shi da hanyar Gram, cikin 'yan mintuna ma'aikaci zai ga ko ƙwayoyi ne jajaye masu zagaye biyu-biyu kamar wake a haɗe, wato ƙwayar sanƙarau, Neisseria meningitidis, ko shunayya biyu-biyu masu tsini, wato ƙwayar nimoniya da ita ma ke kama tantanin ƙwaƙwalwa, kuma bambancin yana nuna wa hukumomin lafiya irin annobar da ke gabansu. Kafsul ɗin ƙwayar sanƙarau shi ma abin rarrabewa ne, da shi aka kasa ta rukuni-rukuni da haruffa. Rukunin A ne ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya a annobar 1996, ya kashe fiye da 11,000, kuma a kan sukarin rigarsa aka gina allurar MenAfriVac da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disamba 2010, wadda ta kusa kawar da shi daga yankin. Da ya ja baya, rukunin C ya tashi a Nijar a 2015 da kuma Zamfara da maƙwabtanta a 2017, abin da ya tilasta neman allurar da ta haɗa rukunai da yawa, ya kuma sa ɗakunan gwaji na yankin suka riƙa haɗa gilashin da aka rina bisa hanyar 1884 da na'urorin karanta DNA a kan samfurin mara lafiya guda.